Tambayi Kurkudu: Koya Wa Ƙananan Yara Mazaunin Dabbobi

Idan akwai yaro ɗan shekara shida ko bakwai kusa da ku, ina so ku gwada shi da tambayoyi biyu. Da farko ku ce ya lissafa muku dabbobi biyar. Da wuya ya yi jinkiri, zai kawo zaki da giwa da raƙumin dawa da sauran manyan namun daji waɗanda ya gani a littafi ko a talabijin. Sa'an nan ku ce ya gaya muku inda tsakar ɗakinku ta ke wuni da rana, da kuma dalilin da ya sa ta kan fito ta laɓe kusa da fitila da dare. A nan ne yawancin yara za su yi shiru, alhali kuwa zakin ba su taɓa ganinsa ido da ido ba, tsakar kuwa da ita su ke kwana.

Wannan ba laifin ƙwaƙwalwar yaro ba ne. A shekarar 2002 waɗansu masana na Jami'ar Kambirij a Ingila sun gwada yara 109 masu shekara huɗu zuwa goma sha ɗaya. Sun nuna musu hotunan dabbobi da tsirrai na ƙasarsu, sa'an nan suka nuna musu hotunan dodannin wasan nan na Japan da a ke kira Pokémon. 'Yan shekara takwas sun gane kusan kashi 80 cikin 100 na dodannin, waɗanda ba su da rai ko kaɗan, amma wajen rabi kawai suka gane daga cikin halittun da ke kewaye da su. Ashe ke nan yaro yana da ikon riƙe sunaye da siffofi masu yawan gaske, sai dai abin da aka sa a gabansa shi ya ke riƙewa. Tambayar da ke gaban malamai da iyaye ita ce, me za a sa a gabansa, kuma ta wace hanya?

Bari mu fara da ma'anar kalmar. Abin da masana kimiyya ke nufi da mazaunin dabba shi ne wurin da ta ke samun abubuwan da rayuwarta ta dogara a kansu, watau abinci, da ruwa, da mafaka daga zafi ko sanyi ko abokan gaba, da kuma inda za ta hayayyafa 'ya'yanta su tsira. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya ɓace, dabbar ko dai ta ƙaura ko ta mutu. Saboda haka darasin mazauni ya wuce a ce wa yaro kifi a ruwa ya ke, raƙumi a hamada, biri a kan itace, ya haddace ya kawo a jarrabawa. Gundarin darasin tambaya ce guda ɗaya: me ya sa wannan dabba ta ke nan, ba ta can? Yaron da ya saba yin wannan tambaya ya riga ya sa ƙafa a hanyar kimiyya.

Ƙasashe da dama sun sa wannan darasi tun a farkon firamare. A Ingila, manhajar da aka fara aiki da ita a 2014 ta tanadi cewa 'yan aji biyu, masu shekara shida zuwa bakwai, su koyi bambanci tsakanin abu mai rai da matacce da wanda bai taɓa rayuwa ba, su san halittun da ke cikin mazaunai daban-daban har da ƙanana irin su ƙarƙashin dutse ko ruɓaɓɓen gungume, su kuma gane wa ke cin wa. A Amurka ma, ƙa'idojin koyar da kimiyya da aka fitar a 2013, waɗanda jihohi da dama suka ɗauka, sun sa yara su fara da bukatun dabba da tsiro tun kafin aji ɗaya. Iyaye Hausawa da ke zaune a waɗannan ƙasashe sun sha ganin 'ya'yansu sun komo gida da irin wannan aiki.

Amma kada wani ya ɗauka wannan sabon abu ne da ba a taɓa gwadawa a Afirka ba. A shekarar 1965 an yi taro a Kano na malamai da masana daga ƙasashen Afirka da na ƙetare, kuma daga wannan taro ne aka kafa wani shiri na koyar da kimiyya a makarantun firamare na ƙasashen Afirka masu aiki da Ingilishi. Manufarsa ita ce yara su koyi kimiyya da hannuwansu, da kayan da ke kusa da su, ba tare da jiran ɗakin gwaje-gwaje ba. Darasin da ya fi yin suna a cikin shirin, in aka mai da sunansa Hausa, shi ne "Tambayi Kurkudu". Zan ɗan dakata a kan wannan ƙwaro, domin duk abin da na ke so in faɗa yau yana cikin ɗan raminsa.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san kurkudu. In ka duba ƙarƙashin rumbu, ko gindin katanga, ko inuwar rumfa inda yashi ya ke a bushe lis, za ka ga waɗansu 'yan ramuka masu siffar mazurari, kowanne bai fi faɗin kwabo ba. A ƙasan kowane rami akwai ɗan ƙwaro a binne, ba abin da ke waje sai muƙamuƙansa biyu masu kama da hantsaki. Idan tururuwa ta zo bakin ramin sai yashi ya zame da ita. In ta yi ƙoƙarin hawa, sai kurkudu ya riƙa watsa yashi da kansa har ta gangaro, ya cafke ta, ya tsotse ruwan jikinta, ya wurgar da ɓawon waje. Shi kansa ramin da baya-baya ya ke haƙa shi, yana kewayawa yana watsar da yashi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kurkudu ɗa ne, bai gama girma ba tukuna. In lokacinsa ya yi, ya kan naɗe kansa cikin ɗan ƙwallon yashi da zare, daga baya ya fito a matsayin ƙwaro mai dogon jiki siriri da fikafikai huɗu, wanda ya fi tashi da dare.

To, ga yadda malami zai yi da shi. Ya fita da yara su kewaya makaranta, su nemi ramukan, su zana taswirar inda suka same su da inda ba su samu ba. Nan da nan wani yaro zai lura cewa babu rami a tsakiyar fili inda a ke wasa, babu kuma inda ruwan tulu ke zuba. Sai malami ya ce, me ya sa? In yaro ya mai da masa tambayar, amsarsa ita ce, mu tambayi kurkudun. A ɗebo 'yan kaɗan da cokali, a sa su cikin kwanoni: wannan da yashi mai laushi, wannan da tsakuwa, wannan da yashi mai laima, wancan da garin katako. A bar su su kwana. Da safe yara za su ga da idonsu inda aka haƙa rami mai kyau da inda aka kasa. Daga nan tambayoyi sai su yi ta haihuwar juna. Babban kurkudu rami babba ya ke yi? In an sa masa tsinke maimakon tururuwa zai watsa yashi? In an haɗa biyu a kwano ɗaya fa? Kowace tambaya akwai hanyar gwada ta da kwano da yashi da haƙuri.

A ƙarshen mako yaran za su iya faɗa da bakinsu cewa kurkudu yana bukatar yashi busasshe mai laushi domin ramin ya yi santsi, da rufi a sama domin kada ruwan sama ya rushe shi, da hanyar da tururuwa ke bi domin ya sami abinci, da kuma wurin da ƙafa ba ta yawan takawa. Wannan shi ne mazauni, kuma ba wanda ya rubuta musu shi a allo. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da ya fi wuya a nan yana wuyan malami ne, domin sai ya danne zuciyarsa ya ƙi ba da amsa alhali ya san ta, wani lokaci kuma ya yarda a gaban yara cewa shi ma sai an gwada zai sani. Malamin da aka horar a kan cewa ƙimarsa tana ga sanin kowace amsa zai ji nauyin wannan da farko.

Akwai waɗansu tuntuɓe da ya kamata mai koyarwa ya san da su tun da wuri. Na farko yana cikin harshe. A Hausa in an ce dabba, abin da ke zuwa zuciya shi ne mai ƙafa huɗu, kamar akuya ko kura. Tsuntsu daban, kifi daban, ƙwaro daban. A kimiyya kuwa duk waɗannan dabbobi ne, har da tana da gizo-gizo da katantanwa. Ba Hausa kaɗai ke da wannan matsala ba. A 1981 wata mai bincike a Niyu Zilan, Beverley Bell, ta nuna cewa yara masu jin Ingilishi da yawa ba su ɗauki tsutsa ko gizo-gizo a matsayin dabba ba. Maganin abin shi ne a gaya wa yaro a fili cewa kalmar tana da ma'ana ta gida da ma'ana ta aji, kuma duka biyu daidai ne a wurinsu.

Na biyu yana cikin littattafan hotuna. Sau da yawa mai zane ya kan tara zaki da giwa da damisar nan ta Asiya mai ratsi-ratsi a shafi guda, cikin kurmi mai duhu, kamar 'yan unguwa ɗaya. Gaskiyar magana ita ce damisa mai ratsi ba ta zaune a dazuzzukan Afirka, tamu mai ɗigo-ɗigo ce, zaki kuma ya fi son fili mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, inda garken namun da ya ke farauta su ke kiwo. Haka kuma har yanzu a kan ji ana gaya wa yara cewa ruwa ne a cikin tozon raƙumi, alhali kitse ne. Na uku kuwa shi ne tatsuniya. Babu laifi yaro ya ji labarin Gizo da Ƙoƙi, gama akwai hikima da nishaɗi a ciki. Sai dai malami ya taimake shi ya raba dabbar tatsuniya, mai magana da wayo irin na mutane, da dabbar da ke bayan ɗaki, wadda sai an zuba mata ido za a san halinta.

Mai sauraro da ke zaune a babban birni zai iya cewa, mu nan ina muka ga rumbu, balle kurkudu? Amsa ita ce babu garin da ba shi da namun kansa. Yaron zangon Kumasi yana iya tsayawa da magariba ya ga dubban manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace suna tashi daga itatuwan gidan namun daji na birnin, ya tambayi ina za su, me ya sa kuma a kan dogayen itatuwa su ke wuni. Yaron Njamena yana da kogin Shari da dorinarsa da tsuntsayen bakin ruwa. Wanda ke Makka yana ganin tattabarun Harami kullum, in kuma aka hau da shi hanyar Ɗa'ifa zai ga gwaggon biri a kan duwatsu, har a bakin titi inda matafiya ke jefa musu abinci. A Landan akwai wata irin yanyawa ja da ta saba da zaman birni, tana yawo da dare tana binciken kwandon shara. A Fulorida ta Amurka yaro zai ga balbela tana bin shanu kamar yadda ta ke yi a Garwa ko Maraɗi. Asalinta daga wannan ɓangare na duniya ne, ta ƙetare tekun Atalantika da kanta, an kuma fara ganin sheƙarta a Fulorida a 1953. Abin da ta ke nema a can shi ne abin da ta ke nema a gida, watau fara da ƙwarin da ƙafar saniya ke tayarwa daga ciyawa.

Idan yara sun ɗan ƙara girma, sai a nuna musu cewa mazauni yana juyawa da juyawar shekara. Gaiwa kyakkyawan misali ce. Kifi ce, amma tana da huhu. In tafki ya fara ƙafewa sai ta nutsa cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi wanda ke bushewa ya zama kamar jaka, ta bar 'yar kafa ta shaƙar iska, ta yi watanni a haka har ruwa ya dawo. Shamuwa kuwa wata dabara ta ke yi. Ta kan iso ƙasar Hausa gab da damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta ciyar da 'ya'yanta da fara, in rani ya shigo ta nufi gabashi da kudancin Afirka inda a lokacin a ke ruwa. Akwai ma tsuntsayen da mazauninsu ya ratsa nahiya biyu. A bazarar 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila sun ga fiye da rabin wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai komo daga Afirka ba, bincike kuma ya danganta abin da farin da ya fara a yankin Sahel a 1968, inda tsuntsun ke cin rani. Yaron Hausawa da ke makaranta a Ingila, in ya ji wannan, zai gane cewa akwai tsuntsun da ke kai da kawowa tsakanin inda ya ke da ƙasar kakanninsa.

Wani zai ce, duk wannan abin sha'awa ne, amma ina amfaninsa ga yaron da ke fama da karatu da lissafi? Amfanin farko lafiyarsa ce. A ɗebo ruwan da ya daɗe a tsohuwar taya ko gwangwani, a zuba a kwalba, a ɗaure bakinta da ƙyalle sosai, a ajiye a aji. Yara za su ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, cikin mako guda zuwa biyu kuma su ga sauro ya fito. Wanda ya ga haka da idonsa ya san cewa sauro ma yana da mazauni, kuma ana iya rushe shi. Sai malami ya ƙara musu cewa sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi son kududdufi da ruwan da ya kwanta a sawun dabbobi. Haka nan tsargiya, watau fitsarin jini: ƙwayar cutar sai ta bi ta jikin wata 'yar katantanwa da ke zaune a ruwa marar gudu mai ciyayi kafin ta shiga fatar mai wanka. Yaron da ya iya tambayar me ke zaune a wannan ruwa ya fi wanda aka ce masa kawai kada ya shiga.

Amfani na biyu ya shafi abin da za mu bar wa na baya. Raƙumin dawa irin na Afirka ta Yamma a dā yana yawo daga Senegal har zuwa yankin tafkin Chadi. Farauta da fari da sarar itatuwa suka yi ta rage shi, har a 1996 guda 49 kawai aka ƙidaya, dukansu a Nijar, a kewayen garin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Da hukuma da mutanen ƙauyukan wurin suka haɗa hannu wajen tsaron dabbobin da itatuwan da su ke ci, irin su gawo, sai adadin ya haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas aka kai dajin Gadabeji a jihar Maraɗi domin su kafa sabon garke. Irin wannan aiki yana bukatar manoma da makiyaya da ma'aikata waɗanda suka gane cewa in aka sare itacen an kori dabbar, ko da ba wanda ya harbe ta. Wannan ganewa tun daga kwanon yashin aji biyu ta ke farawa.

Sai dai a yi hattara da abubuwa kaɗan. Kada yaro ya sa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse, domin kunama da maciji ma can su ke fakewa. Babba ne zai juya dutse da sanda, ya mai da shi yadda ya same shi. Kada a bari yara su taɓa jemage ko mushen tsuntsu, kuma a wanke hannu bayan kowace fita. Duk abin da aka ɗauko, ban da sauro, a mai da shi inda aka same shi in an gama, gama wannan ma yana cikin darasin. Inda aji ya cika maƙil, a raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowace da kwanonta da mai rubuta mata abin da aka gani.

Kalma ta ƙarshe ga iyaye ce, musamman waɗanda ke renon 'ya'ya nesa da gida. In yaronku ya komo da darasin dabbobi cikin Ingilishi ko Faransanci ko Larabci, ku ba shi sunayen da Hausa: bushiya, kurege, ƙadangare, talibambam, shirwa, hankaka. Ku gaya masa inda kuka san kowanne da zama sa'ad da ku ke yara, da lokacin shekarar da a ke ganinsa. Kakar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san lokacin fitowar shinge daga suri da itacen da zuma ta fi so, kuma wannan ilmi ne da littafin makarantar Landan ko Jidda ba zai ba shi ba. Yau da dare kuwa, in fitila ta kama, ku zauna tare da shi minti goma ku duba bango, ku bar shi ya gano da kansa abin da ya kawo tsaka wurin.